Filasta da gumi: dalilin da ya sa samar da danƙon da ya dace da fata yake da wuya

Duk wanda aka taɓa yi wa wankin ciwo a Abuja cikin watan Maris ko Afrilu ya san yadda abin yakan ƙare. Nas za ta wanke wurin da safe, ta ɗora auduga, ta bi gefe da gefe da filasta, amma kafin mutum ya sauka daga motar da ta mayar da shi Nyanya ko Gwagwalada, bakin filastar ya riga ya naɗe, ƙura ta fara samun hanya. Wani kuma akasin haka yake gamuwa da shi, domin filastar takan kama ƙam, ranar da aka zo cirewa sai ta taso da gashi da saman fata, ta bar sabon ciwo kusa da na farko.

Lokaci zuwa lokaci kuma akan ji labarin cewa masana a wata jami'a ta Amurka ko Koriya ta Kudu sun ƙirƙiro danƙon da yake kama jiƙaƙƙen nama cikin daƙiƙoƙi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya janye harajin shigo da wasu injuna da kayan haɗi ga masu sarrafa magunguna da kayan asibiti a cikin gida. Mai bibiyar waɗannan labarai yana da hujjar tambaya: idan ilimi ya kai nan, kuma gwamnati tana son a riƙa yin kayan a gida, me ya hana a samu filastar da za ta jure gumi ba tare da ta cutar da fata ba? Amsar tana cikin yanayin fatar kanta, da abin da gumi yake yi mata, da kuma yadda ake gwada waɗannan kayayyaki kafin su iso kemis.

Wane irin danƙo ake magana a kai

Filasta kashi uku ce: bayanta, wanda kan zama yadi ko takarda ko siririyar leda; danƙon da aka shafa a cikinta; sai audugar da ke fuskantar ciwon idan irin mai auduga ce. Danƙon ya sha bamban da gam ɗin kafinta ko na mai gyaran takalmi, waɗanda sai sun bushe suke riƙewa. Na filasta ba ya bushewa ko kaɗan. Yana nan tsakanin abu mai kwarara da abu daskararre, ta yadda idan aka danna shi zai malala a hankali cikin ƙananan ramuka da layukan fata kamar zuma mai kauri, idan kuma aka fizge shi sai ya turje kamar roba. Wani masani na kamfanin 3M mai suna Carl Dahlquist ya nuna tun shekarun 1960 cewa akwai iyakar tauri da idan abu ya wuce ta, ba zai iya mannewa da dannawa kawai ba. Ke nan laushi wajibi ne. Sai dai idan laushin ya yi yawa, danƙon yakan rabu gida biyu lokacin cirewa, rabi ya bi filastar, rabi ya zauna a jiki, kuma wannan ne baƙin dattin nan da ke zagaye wurin da aka cire filasta, wanda sabulu ba ya fitar da shi da sauƙi.

Akwai wani nau'in dabam da bai kamata a gwama su ba, wato gam ɗin da likitoci ke haɗa bakin yanka da shi a madadin ɗinki. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa mai suna Dermabond a 1998. Dangi ɗaya suke da gam mai saurin kamu da ake sayarwa a kasuwa, wanda wasu masu aikin hannu kan ɗiga a yanka idan sun ji ciwo, amma an sauya ginin na asibiti domin ya rage zafi da illa ga nama, ya kuma iya lanƙwasa tare da fata. Na kasuwa ba a yi shi don jikin mutum ba.

Fata ba bango ba ce

Abin da danƙon filasta yake kamawa shi ne shimfiɗar da ke can saman fata, wadda kaurinta a yawancin sassan jiki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Matattun ƙwayoyin halitta ne jere a kan juna kamar tubali, hawa 15 zuwa 20, kuma kullum na sama suna zubewa, na ƙasa suna maye gurbinsu, har fatar ta sabunta kanta cikin kimanin mako 4. Wato dai danƙon yana riƙe ne da abin da ya riga ya kama hanyar faɗuwa. Idan riƙonsa ya fi ƙarfin da ke haɗa waɗannan hawa-hawa da junansu, su ne za su tsage lokacin cirewa. Ga kuma maiƙon da fata ke fitarwa da kanta, ga gashi, ga miƙewa da tattarewa a gwiwa da gwiwar hannu da ciki a duk motsi da numfashi.

A kan wannan ne gumi yake zuwa. Jikin mutum yana da ƙofofin gumi tsakanin miliyan 2 zuwa 4, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na gumin ruwa ne, sauran gishiri da wasu sinadarai. Mutumin da ke zaune a inuwa ba ya gumi, fatarsa na fitar da tururin da ya kai kimanin giram 200 a kowace murabba'in mita cikin awa 24, kuma leda mai numfashi irin ta zamani tana iya barin ninkin wannan ya wuce. Amma lebura mai ɗaukar kankare a wurin gini a Lugbe ko Katampe da tsakar rana yana iya zubar da lita 1 ta gumi cikin awa guda, wani lokaci ma fiye. Idan aka raba wannan a kan faɗin jikin baligi, wanda ke kusa da murabba'in mita 1.8, za a ga kowace murabba'in mita tana fitar da fiye da giram 500 a awa ɗaya kacal. Abin da fata ke fitarwa a yini guda cikin hutu, mai aikin ƙarfi yana fitar da shi cikin ƙasa da rabin awa. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa filastar da ta yi kyau a gadon asibiti mai na'urar sanyaya ɗaki take gazawa a kan babur ko a kasuwar Wuse.

Gumin da ya rasa mafita yakan shimfiɗu tsakanin danƙo da fata, ya raba su, tamkar yadda ruwa ke hana takarda mai gam kama jiƙaƙƙiyar kwalba. Yakan kuma jiƙa saman fatar har ta kumbura ta yi fari ta yi laushi, kamar yatsun wanda ya wuni yana wanki, kuma fatar da ta kai wannan hali tana yagewa da ɗan ƙaramin ja. A wasu nau'o'in danƙon ma ruwan yana shiga cikinsa ya sassauta shi. Idan abin ya ɗauki kwanaki, ƙofofin gumin sukan toshe, ƙurajen zufa su fito, ƙwayoyin cuta su samu ɗumi da danshin da suke so.

A nan ne rubutun da ke jikin kwali yake rikita mai saye. Idan an ce filasta ba ta shan ruwa, ana nufin ruwan wanka ko na sama ba zai ratsa ta daga waje ba. Gumi kuwa daga ƙarƙashinta yake ɓullowa, don haka filastar da ta toshe ruwa ta kuma toshe tururi tana iya fin ta yadi saurin saki a jikin mai zufa.

Mai karatu zai iya cewa, to a bar ciwon a buɗe ya sha iska mana, kamar yadda aka saba. Wani masanin Birtaniya, George Winter, ya gwada wannan a 1962 a kan aladu, ya ga raunin da aka rufe da leda ya zauna da danshi ya yi sabuwar fata kusan ninki biyu cikin sauri fiye da wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Daga wannan bincike ne jinyar rauni ta zamani ta samo tushe. Sai dai ya ƙara wa masu haɗa danƙo aiki, domin yanzu ana son tsakiyar ciwon ta kasance da danshi daidai gwargwado, fatar da ke kewaye da shi kuma ta kasance a bushe, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin yatsa ba.

Nau'o'in da ake da su a yau

Mafi daɗewa shi ne danƙon roba da aka gauraya da farin sinadarin zinki. Kamfanin Beiersdorf na birnin Hamburg a Jamus ya fitar da Leukoplast a 1901, a 1920 kuma wani ma'aikacin Johnson & Johnson mai suna Earle Dickson ya haɗa filasta da auduga ya samar da abin da ya zama Band-Aid. Naɗin filastar yadi da ake yagowa a ƙananan asibitoci da kemis daga wannan zuri'a yake. Yana da arha, yana kamawa nan take, yana kuma riƙe abu mai nauyi. Illarsa ita ce ba ya barin tururi ya fita sosai, yana cirewa da ƙarfi, kuma a cikinsa akan samu abubuwa biyu da jikin wasu mutane ba ya karɓa: ruwan itacen roba, da wani ƙaro da ake samu daga itatuwan fayin, wanda ake sakawa don ƙara danƙo. Zafin ajiya ma yana lalata shi, ya mayar da shi ko dai mai narkewa ko busasshe.

Danƙon akirilik, wanda ya yaɗu daga shekarun 1960, shi ne ke jikin filastar takarda da siririyar leda mai gani-har-hanji da ake rufe robar ƙarin ruwa da ita. Ana iya shafa shi siriri, ko a ɗiga shi ɗigo-ɗigo a bar fili tsakani domin tururi ya wuce, kuma bai cika jawo ƙaiƙayi kamar na roba ba. Yana da wata ɗabi'a da ya kamata mai jinya ya sani: riƙonsa yana ƙaruwa da tsawon zama, saboda yana ci gaba da malala cikin ramukan fata. Filastar da za ta fita salin-alin bayan awa 2 tana iya tasowa da fata bayan kwana 3.

Nau'i na uku shi ne mai shan ruwa, wanda aka cusa wa garin da ke tsotse danshi a cikin roba mai laushi. Asalinsa daga jinyar waɗanda aka buɗe wa hanji ta ciki ne, inda dole jaka ta manne a fatar da kullum take jiƙe. Kafin zuwansa, da wani ƙaro da ake kira "karaya gum" ake wannan aiki, wanda ake samu daga wata bishiya a Indiya, 'yar'uwar kukkukin da ke dazuzzukan Arewa, kuma a Senegal har yau ana tatsar ƙaron kukkukin ana sayarwa. A farkon shekarun 1980 kamfanin ConvaTec ya fitar da DuoDERM don rufe rauni. Wannan nau'in ya fi sauran jure fata mai ɗan danshi, tun da yana shanye gumin maimakon ya bar shi ya taru, amma yana da iyaka kamar soso: idan ya ƙoshi sai ya kumbura ya yi fari, gefensa ya narke. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da jelatin da ake samu daga dabbobi, har da alade, abin da wasu majinyata za su so a sanar da su kafin a manna musu. Ƙaron da ake samu a Jigawa da Yobe da Borno kuwa, duk da darajarsa a kasuwar duniya, yana narkewa cikin ruwa gaba ɗaya, don haka shi kaɗai ba zai riƙe filasta a jikin mai gumi ba.

Na huɗu shi ne silikon mai laushi, wanda kamfanin Mölnlycke na Suwidin ya shigo da shi jinyar rauni a wajajen 1990. Saboda tsananin laushinsa, yana cika ramukan fata nan take, riƙonsa ba ya ƙaruwa da kwanaki, yana fita ba tare da ya ɗebo fata ko gashi sosai ba, har ana iya ɗaga shi a duba ciwo a mayar. Amma silikon ba ya shan ruwa, shi ya sa ake huda shi da ƙananan ramuka, kuma idan gumi ya yi yawa ko aka rataya masa nauyin robar ƙarin ruwa yana iya zamewa. Ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, kuma hasken "gamma" da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a masana'anta yana rage masa danƙo, sai an bi da shi ta hanyar iskar gas.

Raunin da filasta ke jawowa

An daɗe ana ɗaukar saɓulewar fata wajen cire filasta a matsayin abin da ba makawa. A 2013 wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ba matsalar suna da ma'ana: duk ja ko bororo ko saɓulewa ko yagewar fata da ya wuce minti 30 bayan cire abu mai danƙo, rauni ne da ya kamata a rubuta a kuma yi rigakafinsa. A ƙarƙashin wannan akwai ɗebe saman fata, da bororon da ke fitowa idan an ja filasta da ƙarfi lokacin mannawa, da jiƙewar fata, da kumburin ramin gashi, da ƙaiƙayin da sinadari ke jawowa.

Ma'anar tana da giɓi guda a wurinmu. Ja shi ne alamar farko da ake koya wa ma'aikatan jinya su duba, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa fili. Abin da ake gani shi ne wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi ko ya yi ɗumi. Bayan ya warke kuma yakan bar baƙin tabo mai siffar filastar da kan yi watanni bai goge ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne jarirai bakwaini, waɗanda saman fatarsu bai gama ginuwa ba, da tsofaffi, da masu shan magungunan sitiroyid na dogon lokaci. A biranenmu akwai ƙarin wani rukuni, wato masu shafa mayukan bilicin, domin da yawa daga cikin mayukan suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi da ke sirantar da fata, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Mace mai irin wannan fata da aka yi wa tiyatar haihuwa tana iya samun saɓulewa a gefen ciki daga filastar da ba za ta yi wa wata komai ba.

Gumi yana ƙara tsananta ƙaiƙayin sinadari, saboda yana narkar da ragowar sinadaran da ba su gama haɗuwa ba, ya kai su cikin fatar da ta riga ta yi laushi. An ga misalin haka a na'urorin auna sukarin jini da ake mannawa a dantse har kwana 14. A 2017 likitocin fata a Beljiyam da Suwidin suka gano cewa wani sinadarin akirilik da ke fitowa daga jikin irin wannan na'ura ne ke jawo wa wasu masu ciwon suga ƙuraje, har ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin da ya fi jan hankali a 2020.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ma'aikatan ɗakin tiyata da na sashen kulawa ta musamman sun fi karkata ga danƙo mai ƙarfi, kuma hujjarsu ba ta da raini: idan robar numfashi ko ta ƙarin jini ta zame saboda filasta ta saki, rai ne ke cikin haɗari, saɓulewar fata kuwa tana warkewa. Masu jinyar gyambo da likitocin fata suna kallon abin ta wata fuskar. Mai gyambon sikila a idon sawu ko mai ciwon ƙafa na suga ana sauya masa bandeji sau da yawa a mako har tsawon watanni, kuma kowace cirewa tana ɗebe wani hawa na fatar da ake fatan ta rufe ciwon. A wurinsu danƙo mai sauƙin fita shi ne magani. Masu sayo wa asibiti kaya kuma kuɗin kowane naɗi suke dubawa, yayin da masu goyon bayan silikon ke cewa a lissafa har da yawan sauyi da jinyar raunin da filasta mai arha ta jawo. Wannan hujja ta biyu tana da ƙarfi a inda asibiti ko inshora ke ɗaukar dukan kuɗin, tana kuma raguwa a inda majinyaci ne ke zaro kuɗi daga aljihunsa a kowace ziyara, kamar yadda yake ga akasarin mutane a Nijeriya.

Tsakanin masu ƙera danƙon ma akwai saɓani a kan yadda za a yi da gumi. Wasu suna ganin a shanye shi cikin danƙon, wasu suna ganin a buɗe masa hanya ya fice ta ramuka da ƙananan magudanu. Shanyewa tana aiki nan take amma tana cika. Magudanu ba sa cika, sai dai kowane rami yana rage faɗin wurin da ke riƙe fata, kuma aikinsu ya dogara ga iskar waje ta ɗauke danshin. A watan Agusta a Abuja, lokacin da iska kanta take cike da laima, gumin da ya fito ba ya saurin ƙafewa.

Hanyar gwaji ita ma tana da nata tasiri. Ma'aunin da masana'antu suka fi amfani da shi wajen auna ƙarfin riƙo shi ne a manna filasta a gogaggen farantin ƙarfe a ɗaki mai daidaitaccen sanyi, a ja ta da inji. Ƙarfe ba ya gumi, ba ya maiƙo, ba ya zubar da ɓawo. Ta fuskar lafiya kuma ƙa'idojin duniya na ISO 10993 sun tanadi gwajin guba ga ƙwayoyin halitta, da gwajin ƙaiƙayi, da na ƙin jinin sinadari, amma waɗannan suna tabbatar da cewa kayan ba su da illa ne kawai, ba su cewa komai game da ko za su zauna a jikin mai tuƙa keke-napep daga safe zuwa yamma.

Abin da ake koyo daga halittu

Labaran da ke fitowa daga jami'o'i galibi sun samo asali ne daga halittun da suka riga suka warware matsalar mannewa cikin ruwa. A 1981 Herbert Waite da abokin aikinsa suka gano sinadarin DOPA a cikin zaren da wata halittar teku dangin kawa ke kama duwatsu da shi duk da dukan igiyar ruwa. Sinadarin yana iya ture ruwa gefe ya kama abin da ke ƙarƙashinsa. A 2017 masana a Jami'ar Harvard suka kwaikwayi majinar wani dodon koɗi marar ƙoƙo, suka haɗa danƙo mai hawa biyu da ya toshe huda a zuciyar alade. A 2019 ɗakin binciken Xuanhe Zhao a jami'ar MIT ta Amurka ya fitar da busasshen tef da ke fara tsotse ruwan da ke kan nama sannan ya kama shi cikin kimanin daƙiƙa 5. A Koriya ta Kudu kuma, masana a Jami'ar Sungkyunkwan sun bar sinadari gaba ɗaya a 2017, suka ƙera faci mai ɗauke da dubban ƙananan kofuna irin na hannuwan halittar nan ta teku mai hannu takwas, waɗanda ke kama fata ta hanyar zuƙo, kwatankwacin yadda ƙahon wanzami yake kamawa.

Dalilin da ya sa ba a ga waɗannan a kemis ba shi ne yawancinsu an yi su ne don aikin cikin jiki, inda ake son danƙo ya kama ya zauna har nama ya haɗe. Filastar waje kuwa dole a cire ta gobe ko jibi, kuma ƙarfin da ya toshe zuciyar alade zai yaga fatar tsoho. Sinadaran dangin DOPA suna lalacewa idan iska ta daɗe tana taɓa su, nau'o'in danƙon da ke kama da kunun kanwa mai kauri kuma suna bushewa a ajiya. Wannan ya sa wani reshen binciken ya koma kan cirewa. A 2012 masana a birnin Boston suka ƙera tef na jarirai mai hawa uku, wanda bayansa ke ɓarewa ya bar danƙon a fata, daga baya a murje shi a hankali da yatsa. Akwai kuma masu aiki a kan danƙon da ke saki idan an haska shi da wani irin haske ko an sauya masa ɗumi. Kowanne daga cikinsu sai ya bi matakan gwaji a jikin mutane, a kuma nuna cewa ana iya yin miliyoyinsa a farashin da asibiti zai iya saya.

Abin da wannan ke nufi ga mai ciwo da mai jinya

Tun da kusan dukan filasta ta zamani daga waje ake shigo da ita, faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta tura asibitoci da majinyata da dama ga naɗin filastar roba mai arha. Umarnin 2024 yana iya sauƙaƙa yin yadi da auduga da bandeji a gida, kuma ƙasar tana da itacen roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin. Amma akirilik da silikon na asibiti sai an shigo da su, kuma rage haraji ba ya sauya yadda danƙo yake aiki a fata. Wajen gwada juriyar magunguna, ana lissafa Nijeriya cikin yankin da ake gwaji a zafin digiri 30 da laima kashi 75 cikin 100. Duk masana'antar da za ta yi filasta don wannan kasuwa, irin wannan yanayi ne ya dace ta gwada ajiyarta a ciki, ta kuma gwada zamanta a jikin mutanen da ke aiki a rana. Ko a cikin ƙasar ma buƙata ta bambanta, domin a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, matsalar hunturu ita ce busasshiyar fata mai tsagewa da yawan shafa mai, kuma danƙo yakan yi tauri a sanyi ya ƙi kamawa sai an ɗumama shi da tafin hannu.

A matakin gida, abubuwa da yawa da ake ɗora wa filasta laifinsu daga shirin fata suke. Basilin da man kaɗanya da hoda duk suna hana danƙo kamawa, don haka a wanke kewayen ciwon, a bar shi ya bushe sarai, idan akwai gashi a rage shi da almakashi maimakon reza, wadda ke barin ƙananan yanka. Ba a jan filasta a miƙar da ita lokacin mannawa. A ɗora ta yadda take, a danna na ɗan lokaci da ɗumin hannu. Wajen cirewa, a kwantar da ita baya a kan kanta, a bi kwanciyar gashi a hankali, ɗayan hannun yana tokare fatar, domin fizgewa sama lokaci guda ita ce ke ɗebo fata. Naɗin da ya wuni a rana a kan tiren mai talla ko a gaban gilashin mota ya riga ya tsufa ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba, kuma yana da kyau a duba lambar rajistar NAFDAC a kwalin.

Masu alwala sukan ɓare filasta su mayar sau da yawa a yini, wanda ke kashe danƙon ya kuma wahalar da fata, alhali malaman fiƙihu sun yi bayanin halaccin shafa a kan jabira, wato ɗaurin ciwo, idan cirewa ko wankewa za ta cutar. A wuraren da gumi ya fi yawa ko fata ta yi rauni, kamar ƙafar mai ciwon suga, hannun jariri ko ƙaurin tsoho, ma'aikatan jinya sukan kauce wa danƙo gaba ɗaya, su naɗe audugar da bandeji mara matsi, su manna filastar a kan bandejin maimakon fata. Idan kuma aka ɗaga filasta aka tarar fatar ta yi fari ta jiƙe, ko ciwon ya fara wari ko fitar da mugunya, ko zafi da kumburi suna yaɗuwa zuwa gefe, wannan ya wuce batun sauya filasta, asibiti ya kamata a koma a ranar, musamman ga mai ciwon suga wanda ƙafarsa ba ta jin zafi yadda ya kamata.